Wa Ya Fito a Ciki?

Tambaya uku mutanenmu ke yi wa fim kafin su yarda su kalla: wa ya fito a ciki, waƙa nawa ce, kuma MB nawa zai ci. Duk fim ɗin da ya faɗi wannan jarrabawa, ko da kofin duniya ya ciwo, sai dai ya nemi wani gari.

Abin dariyar shi ne, mai waɗannan tambayoyi shi ne kuma sarkin ƙorafi a majalisa. Da an idar da isha'i, shayi ya fara zagayawa, zai gyara zama ya ce 'yan fim sun gama da tarbiyya, ba su da labari sai soyayya da rawa a gindin bishiya, ina ma a samu mai kishi ya yi mana na tarihi da al'ada. Kowa ya gyaɗa kai. To, kuskura ka kunna masa na tarihin. Kafin shayin ya huce ya fara hamma, ya taɓa ka da gwiwar hannu ya ce, "Malam, ɗan tura shi gaba mana. Wai ba inda ake faɗa ne?"

Ga Shaihu Umar nan, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Hausa zalla, fiye da awa biyu, ga rawuna, ga malamai, ga uwa ta ratsa Sahara tana neman ɗanta a zamanin cinikin bayi. Duk abin da ɗan majalisa ya rantse yana so, an zuba masa. Me muka yi da shi? Muka bar shi ya ɓace kusan shekara 40. Sai a 2016 aka tsinto faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Najeriya, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi (ba ta ƙwallon ba, kafin wani ya fara murnar an ci kofi), aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wato Bajamushe ya fito cikin sanyin Fabrairu, ya sayi tikiti, ya zauna yana bin fassara a ƙasan allo. Mu da za mu ji kowace kalma har da habaicin cikinta, yawancinmu iyakar saninmu da Shaihu Umar shi ne an taɓa tilasta mana karanta shi don jarrabawa, shi ma taƙaitawar wani muka kwafa.

Amma tambayi mutumin da bai taɓa jin sunan Adamu Halilu ba game da Sanjay Dutt, wanda 'yan silima suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin. Nan take zai jero maka salsala: ubansa Sunil Dutt, uwarsa Nargis, su biyun sun fito a Mother India na 1957, ita uwa shi ɗa, daga baya suka yi aure. Zai faɗa har da jimami, sai ka ce da shi aka kai kayan lefe. Ka tambaye shi sunan kakan babansa, ya ce sai ya tuntuɓi gwaggo.

Kada 'yan'uwanmu na Nijar su yi dariya, don nasu laifin ya fi nauyi. Lokacin da aka fara ba da babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, wato Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Labarin kuwa na wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka, maimakon ya riƙe carbi sai ya ƙyalla ido kan yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, ya ce ita ce ta uku. Kishi ya tashi, har aka yi asarar rai. Kishiya, Alhaji mai kuɗi, saurayi talaka: abin da muke biyan data muna kallo kashi-kashi yau, wani ya gama shi tun kafin a haifi jaruman namu. A Yamai akwai cibiyar al'adu mai sunansa, matasa na zuwa can kallon wasa, ban da tabbacin ko rabinsu ba su ɗauka sunan wani tsohon minista ba ne.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Moustapha Alassane, da ya rasu a 2015. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa malafa da takalma da bindigogi, kowa ya sauya suna zuwa na Turawa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Mutumin nan ya zana mu tun kafin mu san wayar hannu, don ɗan unguwarku da ya yi wata uku a Dubai ya dawo yana tambayar me ake kira ƙuli-ƙuli, jikan waɗancan kaboyin ne. A 1972 kuma ya yi FVVA, haruffan farko na mace, gida, mota da kuɗi a Faransanci. Ku nuna mini burin da muka ƙara a kan waɗannan huɗun tun daga lokacin.

Idan kuma aka ce fim ya fita waje, nan kishinmu ke motsawa. Da Najeriya ta tura The Milkmaid na 2020 neman kyautar Oscar, haka da ta tura Mai Martaba na 2024, Facebook ya cika da "Arewa ta tashi" da "Allah ya ƙara ɗaukaka". Ɗan bokon da kullum yake taƙamar shi ba ya kallon fim ɗin Hausa ya rikiɗe ya zama masani, yana sharhi a kan hoton talla. Ka ce ya sayi tikiti, ya ce lamarin ƙasar sai addu'a. Washegari ka gan shi a shagon masu tura fim, ya miƙa waya yana raɗa wa yaron, "Ya fito kuwa? In ya fito ka sa min, amma mai ƙaramin nauyi." Daga nan ya koma majalisa yana mamakin yadda masu shirya fim ba sa zuba kuɗi a aiki mai inganci.

Ni dai ga shawarata ga masu riƙe da Shaihu Umar. A kai shi Mumbai a mayar da shi Indiyanci, a dawo da shi Kano a sake fassara shi da muryar Indiya-Hausa, a yanka shi kashi 60, a ɗora a YouTube da hoton wata tana kuka da jar kibiya tana nuna raƙumi. A rubuta a sama cewa an hana mai raunin zuciya kallo. Idan an zo wurin da uwar ke tsakiyar Sahara, a dakata a saka tallar maganin basir.