Auri-Saki, Dattijo da Ɗan Gem: Mutanen Gidan Linux

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba kowa take karɓa ba: sai kwamfuta tana da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in injinta na Intel ne, galibi sai ya kasance ƙarni na takwas ko sama da haka. Kwamfutoci bila adadin, lafiyarsu ƙalau, ciki har da na hannu da yawa irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Farm Center ta Kano, suka wayi gari ba su cika sharaɗi ba. Nan ne masu su suka fara kasa kunne ga labarin wata babbar manhaja mai suna Linux da ba a biyan ko sisi, wadda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta cibiyarta a 1991.

Sai dai Linux ba guda ɗaya ba ce. Duk wanda ya ga dama yana iya ɗaukar cibiyar, ya haɗa ta da wasu manhajoji, ya raɗa wa abin suna, shi ya sa rassanta suka kai ɗaruruwa. Wanda ya tambayi mutum biyar wacce zai ɗora, amsa bakwai zai samu, kuma kowace amsa ta fi tona halin mai ba da ita fiye da buƙatar mai tambaya.

Na farko a layi shi ne ɗan gudun hijira. Ba ƙauna ce ta kawo shi ba, koro shi aka yi. Abin da yake nema shi ne Windows da wani suna: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama, kada a canza masa komai. Akan tura shi Linux Mint, wadda Bafaranshen nan Clément Lefebvre ya faro a 2006, ko Zorin OS ta wasu 'yan'uwa biyu a Dublin. Kwanakin farko baki har kunne. Tsohuwar kwamfuta ta yi sauƙi, babu talla, har ya gano cewa tsarin allon rubutu na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ yana ciki tun asali. Sannan ya tambayi inda aka ajiye CorelDRAW. Aka ce ga Inkscape. Photoshop fa? Ga GIMP. Ya buɗe takardar da ya tsara a Word cikin LibreOffice, ya tarar jadawalin shafi na biyu ya zame shafi na uku. In malami ne ko ɗalibi, mako biyu ya ishe shi ya saba. In mai shagon buga katin biki ne, yana da gaskiya da ya ɓata rai, domin Photoshop da CorelDRAW na yau ba a yi su don Linux ba, kuma duk wa'azin duniya ba zai sa kwastoma ya jira ba.

Bayansa sai mai auri-saki. Filash ɗinsa yana ɗauke da Ventoy, wata 'yar manhaja da ke ba mutum damar tara rassan Linux da yawa a filash guda, kuma ya cika shi taf. Ya saki Ubuntu saboda bai son tsarin Snap da kamfanin Canonical ke turawa. Ya saki Fedora saboda wasu bidiyoyi sun ƙi buɗewa sai an ƙaro kayan da dokar haƙƙin ƙirƙira ta hana a saka tun farko. Manjaro kuwa ba ta yi masa komai ba, kawai ya hango wata. Kullum yana leƙa jerin DistroWatch ya ga wacce ke kan gaba, ko da yake jerin yana ƙirga masu leƙen shafin kowane reshe ne, ba masu amfani da shi ba. Kowane sabon aure yana cin giga biyu zuwa biyar na data. Abin dariyar shi ne yawanci fuskar allo ce ke ruɗarsa, wato GNOME ko KDE Plasma ko Cinnamon ko Xfce, kuma ana iya sauya wannan ba tare da an kori kowa daga gida ba. Tambayar da ke ba shi haushi ita ce wane aiki ya gama da kwamfutar a bana.

Ɗan Arch ba sai an neme shi ba, shi zai gabatar da kansa. A ce masa ya aiki, sai ya ce, “Da godiya, ni fa Arch nake amfani da ita.” Judd Vinet ɗan Kanada ne ya ƙirƙiro reshen a 2002, kuma a al'adance wanda zai ɗora shi baƙin allo kawai yake tararwa. Shi zai yanka ma'ajiyar kwamfutar da hannu, shi zai haɗa intanet, shi zai zaɓi kowane abu ɗaya bayan ɗaya yana rubuta umarni. Wanda ya tsallake wannan siraɗi ba ya yarda a manta. Da aka saka wata manhajar sauƙaƙa ɗorawa mai suna archinstall a 2021, wasu daga cikinsu sun ji kamar an rage musu daraja. A yi masa adalci: kundin bayanan Arch yana cikin mafi kyau a duniyar Linux, masu wasu rassan ma can suke zuwa a ɓoye. Amma Arch ba ta da ranar fitowa, sabuntawa take zubowa kusan kullum, kuma wanda ke sayen data da lissafi ya san abin da hakan ke nufi kafin ƙarshen wata. Mutum ɗaya ɗan Arch ke sunkuyar wa kai, shi ne ɗan Gentoo, wanda kwamfutarsa ke harhaɗa kowace manhaja daga ɗanyen rubutunta. Wannan yakan bar ta tana haɗa burauza sa'o'i, yana addu'a kada a ɗauke wuta.

Dattijon Debian yana zaune a gefe, bai ɗaga murya ba. Ian Murdock ne ya kafa reshensa a 1993, sabon bugu yana fitowa kusan duk shekara biyu, kuma ana raɗa wa kowanne sunan wani ɗan tsana na fim ɗin Toy Story: Bookworm a 2023, Trixie a 2025. Tsakanin bugu da bugu kusan ba abin da ke motsi sai gyaran tsaro. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fitar a 2004, daga Debian ta fito, Mint da Pop!_OS kuma daga Ubuntu, don haka dattijo yana kallon rabin masu gardamar a matsayin jikoki. Rauninsa yana bayyana ne ranar da wani ya zo da katin hoto da ya fito watan jiya, tsohuwar cibiyar ta ce ba ta san shi ba. Sai dattijo ya ce gaggawar me ake yi, a jira bugu na gaba.

Ɗan gem ne ya fi kowa canza gidan nan, kuma shi ya fi kowa hayaniya. Shekaru goma sha biyar da suka wuce, wanda ya ce zai yi wasannin kwamfuta a kan Linux tausayinsa ake ji. Kamfanin Valve ya kawo kasuwar wasanninsa ta Steam zuwa Linux a 2013, sannan a Agustan 2018 ya fitar da Proton, wata gada da aka gina a kan tsohon aikin Wine, mai fassara buƙatun wasan Windows zuwa abin da Linux ke ganewa. A Fabrairun 2022 Steam Deck ta fito, na'urar wasa ta hannu mai ɗauke da SteamOS da aka gina a kan Arch, abin da ɗan Arch bai gaji da tunatarwa ba. Yau manyan wasanni irin su Elden Ring da Cyberpunk 2077 da The Witcher 3 suna tafiya, kuma a ƙididdigar Steam ta Oktoban 2025 masu Linux sun haura kashi 3 cikin ɗari. Ga mai kallo daga waje wannan ba komai ba ne. A cikin gida saura kaɗan a yanka rago.

'Yan gem iri biyu ne. Akwai makanike, wanda ya fi son gyara fiye da wasa. A kusurwar allonsa akwai MangoHud tana nuna masa hotuna nawa ke wucewa a daƙiƙa, kuma lambar yake kallo, ba dodon da ke shirin sare masa kai ba. Yau yana kan Bazzite, wadda aka gina a kan Fedora kuma aka kulle cikinta yadda da wuya mutum ya lalata ta. Gobe ya koma Nobara ta Thomas Crider, mai yin Proton-GE. Jibi CachyOS, saboda an ce tana ƙara hotuna uku a daƙiƙa. Ma'ajiyarsa cike take da wasanni, kowanne ya buɗe shi ya tabbatar yana tafiya, ya rufe.

Sai kuma mai wasa ɗaya tal, kuma wasan nan Fortnite ne, ko Valorant, ko sabon Call of Duty, ko EA Sports FC da ake taruwa a kansa da abokai. Waɗannan suna zuwa da manhajar kama masu maguɗi da ke shiga can cikin cibiyar Windows, ko kuma masu wasan sun ƙi buɗe wa Linux ƙofa. Apex Legends ma da take tafiya a da, an rufe ta ga masu Linux a ƙarshen 2024. Babu reshen da zai warware wannan, amma hakan ba ya hana makanike ba shi shawarar ya gwada CachyOS. Da zai leƙa ProtonDB, inda 'yan wasa ke rubuta abin da ya yi da wanda bai yi ba, da minti biyu sun ishe shi ya san matsayinsa.

Tambayoyin da suka dace a yi wa ɗan gem biyu ne kacal, wane wasa da wane katin hoto, amma su ake bari sai ƙarshe. Direbobin katin AMD da na Intel suna zuwa a cikin Linux tun asali. Na Nvidia sai an ɗora daban, kuma tsamin dangantakar ya daɗe: a 2012, a Jami'ar Aalto ta Finland, Torvalds ya ɗaga wa kamfanin yatsa a gaban kyamara. Abubuwa sun gyaru sosai tun lokacin, Pop!_OS ma tana da bugu na musamman mai direban Nvidia a ciki. Ita ce kuma ta ba duniya dariya a 2021, lokacin da Linus Sebastian, shahararren mai bidiyon fasaha a YouTube, ya je ɗora Steam, kwamfuta ta gargaɗe shi cewa abin da zai yi yana da haɗari, ta ce sai ya rubuta da hannunsa cewa ya amince. Ya rubuta. Fuskar allon gaba ɗaya ta tafi. Har yau ba a gama raba laifin tsakaninsa da kuskuren manhajar ba.

Mai aƙida yana jin duk wannan yana girgiza kai. Shi ba ya cewa Linux, GNU/Linux yake cewa, domin Richard Stallman ya fara aikin GNU tun 1983, kafin Torvalds ya shiga jami'a. Yana amfani da Trisquel, ɗaya daga cikin 'yan rassan da gidauniyar Stallman ta amince da su saboda babu rufaffen abu a ciki. Sakamakon haka sau da yawa Wi-Fi ɗin kwamfutarsa ba ya aiki, sai ya ja doguwar waya. Steam haramun ce a wurinsa, SuperTuxKart yake yi. Ana yi masa dariya, amma lasisin GPL na mutanensa, wanda Torvalds ya ɗora wa cibiyar a 1992, shi ne ya hana wani kamfani ɗaukar ta ya kulle.

Yaron Kali ba ya buƙatar dogon bayani. Ya kalli shirin talabijin na Mr. Robot, ya ɗora Kali, reshen da aka yi a 2013 don ƙwararrun gwajin tsaro, wanda masu shi da kansu suka ce bai dace da sabon shiga ko aikin yau da kullum ba. Burinsa kalmar sirrin Wi-Fi ɗin maƙwabci. A halin yanzu lasifikar kwamfutarsa ce ta ƙi magana.

Mai ƙafa biyu ya raba ma'ajiyarsa, Windows a gefe, Linux a gefe, wai zai riƙa komawa a hankali. Duk lokacin da ya kunna sai allon GRUB ya tambaye shi ina ya nufa, shi kuma ya danna Windows, yau kawai. In ya leƙa Linux ya dawo, yakan tarar agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, domin Linux tana ajiye lokacin duniya ne a cikin na'ura, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, ga Najeriya da Nijar suna gaba da awa guda. A Agustan 2024 wata sabuntawar tsaro ta Microsoft ta hana wasu irinsa shiga ɓangaren Linux gaba ɗaya. Da yawansu sai da suka ji a labari.

Wanda ya fi cancantar addu'a shi ne mai ɗora wa dangi. Ya ga kawunsa yana fama da tsohuwar laftof mai nauyi, ya ce a ba shi awa ɗaya. Ya ɗora Mint, ya jera Firefox da LibreOffice a gaba, ya nuna inda ake kashewa. Aikin ya yi kyau, kawu ya sa albarka. Abin da bai lissafa ba shi ne mai gyara na bakin kasuwa Windows kawai ya sani, don haka daga ranar duk abin da ya samu kwamfutar, ko batir ne ya mutu, ko yara ne suka zuba mata shayi, shi ne mai laifi kuma shi ne injiniya. Wayarsa takan yi ƙara bayan sallar asuba.

“Kai, wannan abin naka ya hana firinta aiki.”

“Kawu, an duba ko akwai takarda a ciki?”

“Da can ba ta taɓa tambayata takarda ba. Ka biyo ta nan kafin ka wuce aiki.”