Masu Zuwa Hutu Birni: Kowa da Irin Kiɗansa

An ce a Ingila miji da mata kan kulle gida ranar Juma'a, su nufi wani tsohon gari mai kasuwa, su kama ɗaki, su yi kwana biyu ba aikin fari balle na baƙi, sai kallon tsofaffin gine-gine da shan shayi. Da na ba da labarin nan a majalisarmu ta Getso, wani dattijo ya tambaye ni, "To, wa ya rasu a garin?" Na ce babu. "Biki ake yi?" Na ce a'a. Ya girgiza kai ya ce Allah ya ba su lafiya.

Amma zamani riga ne. Yanzu mu ma mun fara, kuma ba sai mun yi nisa ba: ga Birnin Kano nan, mai Kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Na sha hawa motar Gwarzo zuwa Rijiyar Zaki tare da masu wannan hutu, har na iya rarrabe su tun kafin mu wuce Rimin Gado.

Akwai Mai Saƙo. Shi da gaske ya yi niyyar hutawa, kuskurensa ɗaya, ya faɗa a masallaci. Kafin gari ya waye an cika masa aljihu da 'yan takardu: wannan na son maganin feshi, wancan kan injin ban ruwa a Ƙofar Ruwa, gwaggo na son turmin atamfa a Kantin Kwari, kuma ta ce in ba irin ta Hajiyar makwabta ba ce kada a sayo. Haka zai ajiye matarsa Maman Abba a rumfar wani abokinsa ya ce, "Minti biyar ina zuwa." Sai la'asar sakaliya. Abin da ta gani a Birni bai wuce ƙafafun masu wucewa ba.

Akwai Mai Awo da Kwano. Shi duk farashin da aka faɗa sai ya mayar da shi masara. Ɗakin kwana? "Wannan ai rabin buhu ne, don kawai mu rufe ido?" Ɗan adaidaita sahu ya faɗi kuɗi, ya ce da ƙafa ma an fi ganin gari. In matar ta tsaya gaban mai jakar fata a Kurmi, sai ya tuna mata cewa a kasuwar Getso akwai wadda ta fi ta ƙwari. Ranar dawowa yana murna ya yi tattali, ita kuwa tana neman man zafi.

Akwai Hajiya Mai Rundunar Rakiya. An ce mata ita da maigida kawai za su. Ta ce to. Da safe sai ga ta da goyo, da wanda aka yaye, da 'yar riƙo mai riƙe wanda aka yaye, da ƙanwarta da ba ta taɓa zuwa gidan namun daji na Audu Baƙo ba. Bayansu ga kular tuwo, ƙullin kuka da daddawa, don ba ta yarda da miyar da ba ta ga mai kaɗa ta ba. Alhaji ya biya kujera shida, ya zauna gaba kusa da direba, bai sake cewa uffan ba.

Akwai Masu Sauka Gidan Dangi, waɗanda suka fi kowa yawa. A ce ana da ɗan uwa a Gwale a kwana a otal? Abin kunya ne har jikoki. Da sallamarsu za a shige da matar cikin gida, a shimfiɗa wa mijin tabarma a shagon samari. Daga nan sai gaishe-gaishe: barka can, ta'aziyyar bara can, dubiya can. Ba za su sake haɗa ido ba sai a tasha, inda kowa zai tambayi ɗan uwansa, "Ya hutu?"

Akwai Malam Mai Tarihi, galibi malamin makaranta ne. Zai hau da ita Dutsen Dala da tsakar rana yana ba ta labarin Barbushe da Tsumburbura, ya sauko da ita Gidan Makama ya karanta mata duk rubutun da ke bango, ya ƙarasa da ita marinar Ƙofar Mata yana bayanin yadda ake haɗa baba da toka. Ita kuwa tun safe magana ɗaya take yi: "Malam, wai ina ake sayar da gurasar nan?"

Akwai Ango da Amarya Masu Hoto. Kaya iri ɗaya, ƙunshi bai goge ba, "Habibi" na tashi kamar kiran kasuwa. Duk inda suka je baya suke ba wurin, su ɗaga waya. Sun tsaya gaban Gidan Rumfa, amma sai da suka dawo gida suka gan shi a WhatsApp. Rigimarsu ta farko a aure kan caja aka yi ta.

Akwai kuma Mai Mata Biyu, wanda ya kamata a yi wa addu'a. Kafin ya fita sai an yi lissafin girki kamar rabon gado. Ya tafi da amarya, uwargida na bin sa bashin tafiya. Ya tafi da uwargida, wayarsa ba za ta huce ba. Tsaraba kuwa dole iri ɗaya, launi ɗaya. Shi hutunsa sau biyu yake biya, bai huta ko ɗaya ba.

Na ƙarshe ba su san suna cikin jerin nan ba. Wani tsoho ne da tsohuwarsa, ya kawo ta ganin likitan ido, aka sallame su da wuri. Na tarar da su a inuwa kusa da tasha, ya shimfiɗa mata rawaninsa a kan benci, ya sayo gurasa bandashe yana yayyaga mata ƙanana don haƙori. Motoci biyu suka cika suka tashi, bai motsa ba. Ta ce, "Malam, za mu yi dare." Ya ce, "Ke dai ci. Awakin ba za su mutu ba."

Na matsa na gaishe su, na ce, "Baba, hutu aka zo ke nan?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wane irin hutu, yaro? Asibiti muka zo." Sannan ya juya ya ƙwala wa mai fura kira.