Iya Kuɗinka, Iya Shagalinka: Ire-iren Masu Haɗa Kwamfutar Gem

Ina da aboki mai gyaran kwamfuta a Kano, can wajen Titin Beirut, a wani shago da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Benci ɗaya ne a ƙofar shagon, kuma na ci rabona na zama a kansa. Shi abokin nan nawa, da zarar ya kwance sukurori biyu na gefen akwatin kwamfutar mutum ya leƙa ciki, ya gama sanin halin mai ita.

Kwamfutar gem haɗa ta ake yi kamar lefe. Akwai madabod, wato allon da komai ke hawa kansa. Akwai furosesa, da RAM, da ma'ajiya, da akwatin wuta, da fankoki, sai kuma amaryar tafiyar, katin hoto, wanda shi kaɗai kan cinye rabin kuɗin. Kamar lefe kuwa, kuɗi ba ya taɓa isa. Dole a rage wani abu, kuma abin da mutum ya zaɓa ya rage shi ke tona asirinsa. Ga waɗanda na fi gani daga kan bencin nan.

Malam Jira

Wannan ya fi kowa sani, ya fi kowa tsari, kuma ba shi da ko sukur ɗaya. Tun 2020 yake haɗa kwamfutarsa a takarda. A lokacin korona kati ya yi tsada, domin masu haƙar kirifto sun kwashe, sai ya ce bari ƙura ta lafa. A watan Satumba na 2022 Ethereum ta daina aiki da haƙa, katunan gwanjo suka cika duniya, farashi ya faɗi. Aka ce Malam ga dama. Ya ce ai yanzu aka fara faɗuwa, bari ya kai ƙasa. Yana nan yana jira aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan wajen naira 460 ta zarce 1,500 kafin shekara ta zagayo. Kuɗin da a da zai haɗa masa kwamfuta sukutum, yanzu sai dai ya saya masa akwati da fanka biyu.

Har yau yana zuwa shagon. Yakan ɗauki kati ya jujjuya, ya tambayi kuɗi, ya ce, “Oga, an ce sabo na nan fitowa, wannan zai karye.” Sabo kuwa kullum yana fitowa. Jiran gawon shanu ke nan, shanun kuma lafiyarsu ƙalau.

Sarkin Gwanjo

Shi ba ya neman abin da aka ƙera don gem. Tsohuwar kwamfutar ofis yake nema, irin Dell OptiPlex ko HP ɗin da wani banki a Turai ya gama tatsa ya sallama. A cikinta akwai furosesa irin i5 ko i7 na wajen 2013, wanda ya yi shekaru yana lissafin albashin mutane, yanzu kuma za a tura shi satar mota a GTA V. Akwatin wutar irin waɗannan bai kai wat 300 ba, kuma bakin wayarsa na kamfanin ne, ba kowane ake sauya shi da shi ba. Sarkin Gwanjo ya san wannan sarai. Shi ya sa yake neman GTX 1050 Ti ko GTX 1650, katunan da wat 75 ke isarsu, suna sha daga ramin da aka soka su ba tare da wata waya ba.

Na taɓa ganin wani ya zo da katin da ya fi akwatinsa tsayi da kamar yatsa biyu. Abokina ya ce a mayar a sauya. Ya ce a'a, a ba shi aron almakashin kwano. A gabanmu ya tsaga murfin, ya lanƙwasa ƙarfen waje, ya naɗe bakin da salatif don kada ya yanki yaro. Kati ya leƙo waje kamar kan akuya a bayan a-kori-kura. Aka kunna, ta tashi. Muna dariya, shi kuwa ya saɓa abarsa a kafaɗa ya tafi buga ƙwallo. Windows 11 ta ce ba ta san da zaman furosesarsa ba, shi ma ya ce bai san da zamanta ba.

Ango

Ango ya kashe kuɗinsa a kan abin da ido ke gani. Akwati mai gefen gilashi, fankoki shida masu sauya launi, RAM mai walƙiya, har linzamin kwamfutar numfashi yake da ja da shuɗi. Idan aka ɗauke wuta a unguwa ya tayar da inji, tagar ɗakinsa sai ka ce gidan biki. A leƙa ciki kuwa, ramin katin hoto fayau, ba kowa. Kuɗi ya ƙare a fitila. Gem ɗinsa tafiyar hawainiya yake yi, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa a Kano ya sauke ta a Zariya. Amma hotonta ya zaga duk abokansa, kuma duk wanda ya gani sai ya ce masha Allah. Kallon kitse ake yi wa rogo, rogon ma ya fara yarda shi kitse ne.

Mai Doki Ba Ciyawa

Kishiyar Ango ke nan. Ya tara kuɗi wata takwas, ya sayar da waya, ya ci adashi, ya sayi RTX 3060. Da aka zo kan akwatin wuta sai ya ce, “Wannan ai duk ɗaya ne, ba wuta kawai yake bayarwa ba?” Ya ɗauki wani mara suna, mara nauyi kamar gwangwanin madara, an manna masa takarda an rubuta wat 800. Masu ƙera katin sun ce a nemi na wat 550, amma na gaskiya suke nufi, wanda lambar jikinsa da aikinsa suka san juna. Ya kai gida ya jona a ƙaramin janareto mai haɗin baƙin mai, ba sitabilaiza, ba komai, a layi ɗaya da firij.

Sati biyu ya dawo rungume da akwati kamar mai kai yaro asibiti. “Wallahi Oga, ƙara kawai na ji, fat, sai wani wari.” Abokina ya sunsuna, ya girgiza kai, ya yi masa ta'aziyya. Idan an yi sa'a akwatin wutar ya mutu shi kaɗai. Idan ba a yi ba, ya ja madabod da kati sun tafi tare. Garin neman gira aka rasa ido.

Mai Sayen Kifi a Ruwa

Shi kasuwar gida ta yi masa tsada, sai ya yi oda daga Sin. Wani lokaci yakan dace. Akwai tsofaffin furosesa na Xeon da aka ciro daga manyan kwamfutocin kamfanoni, a haɗa su da madabod ɗin X99 mai suna kamar na maganin sauro, a sayar da araha, kuma suna aiki. Akwai RX 580 mai gig 8, katin 2017, wanda ya yi shekaru yana haƙar kirifto dare da rana kamar jakin ɗaukar yashi, aka wanke shi aka sa a leda. Wani ya yi shekara uku lafiya, wani ya fara zana wa allo ɗigo-ɗigo kore tun daren farko.

Amma akwai ranar da kifin kan zama kwaɗo. Wani ya zo yana taƙama ya samo 1050 Ti a rabin kuɗi. Abokina bai ma kunna ba, bayan katin kawai ya duba, ya nuna masa shuɗin bakin VGA. Ainihin katin ba ya zuwa da wannan bakin. Tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa, ya riƙa gaya wa Windows ƙarya. Aka buɗe manhajar GPU-Z, ita ma ta shaida jabu ne. Mutumin ya yi shiru, can ya ce, “To amma ai kwalin mai kyau ne.” Araha dai ba ta ado.

Injiniyan YouTube

Ya kalli bidiyo arba'in, saboda haka ba ya buƙatar kowa. Ya haɗa da kansa da daddare, da fitilar waya a baki. Da safe ga shi a shago, wai an sayar masa da mataccen kaya, allo baƙi ƙirin. A duba a ga ya soka wayar HDMI a madabod, katin da ya saya da kuɗin babur yana zaune a ƙasa ba mai kula shi, furosesarsa kuma Ryzen 5 5600 ce, wadda ba ta fitar da hoto da kanta. A mayar da waya ƙasa, hoto ya fito. Sai ya ce dama ya yi zargin haka.

Washegari ya dawo, tana zafi tana kashe kanta. A ciro fankar furosesa a tarar bai ɓare ledar da ke ƙasanta ba, ga rubutu ɓaro-ɓaro an ce a cire. Wani ɗan'uwansa kuma man sanyaya ne ya ƙare masa, ya matsa man goge baki, ya ce ai shi ma sanyi gare shi. Kwana biyu ya bushe ya zama alli. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ko kwamfutar da aka haɗa daidai haki take yi. Da hunturu kuma ƙura ta saƙa wa fankoki bargo, Injiniya ya zo yana tambaya ko cutar kwamfuta ce ta shige ta.

Malamin Lamba

Wannan kayansa masu kyau ne, haɗinsa daidai. Ya san RAM biyu masu gig 8 sun fi guda ɗaya mai 16 sauri, ya san ma'ajiyar SSD ita ce araha mafi albarka da za a yi wa tsohuwar kwamfuta. Matsalarsa ɗaya, ba ya buga gem. Lambobin da ke kusurwar allo yake kallo: zafi nawa, hoto nawa a daƙiƙa. Ya shiga Cyberpunk 2077, ya tsaya a bakin titi, ya juya hagu, ya juya dama, ya fita ya sauya saiti, ya dawo. Shekara biyu bai san labarin wasan ba. Zai kira ka tsakar dare ya ce ya kai hoto 140. Allon da yake kallo kuwa sau 60 kaɗai yake iya sauya hoto a daƙiƙa, sauran tamanin ɗin sadaka yake yi wa iska.

Shi ne kuma shugaban gardama. Nvidia ko AMD, kore ko ja, Intel ko Ryzen. Musun 'yan Madrid da Barcelona a gidan kallo wasan yara ne. Za su yi awa uku suna cacar baki a kan RTX 4090, katin da ya fito a kan dala 1,599, alhali duk cikinsu ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido.

Ɗalibi Mai Ƙwazo

Yakan zo da mahaifinsa, sanye da hula, kai a sunkuye. “Baba, malaminmu ya ce sai mai katin hoto, saboda AutoCAD.” Dattijo ya dubi abokina ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah, wannan abin na karatu ne?” Abokina ba ya ƙarya, ba ya kuma korar ciniki. Sai ya ce, “Alhaji, tana yin karatu.” Yaron ya matso ya yi ƙasa da murya, ya tambaya ko za a sami abin bugawa guda biyu.

Idan ya girma ya yi aure, shi ne maigidan da ke shigo da kwali bayan isha'i ta ƙofar gareji. Kowane kati “wani aboki ne ya ba ni”, kowane allo “na ofis ne”. Uwargida ta yi shiru tana kallo. Ta riga ta ga rasit a aljihun kaftani ranar wanki, kuma ta ajiye shi sai an zo maganar ɗinkin Salla.

Mai Benci

Kada a ce na ware kaina. Na yi zamanin Malam Jira, na taɓa jin warin nan na Mai Doki, kuma akwai fanka mai launi guda ɗaya a ɗakina da ba na son a tambaye ni dalilinta. Tawa kwamfutar tana nan, ta fi ta Sarkin Gwanjo nesa ba kusa ba. Sai dai lokacin da nake da sukunin bugawa babu wuta, lokacin da aka kawo wuta kuma gem ya ce sai ya sauke sabuntawa mai gig talatin, datar wata guda ke nan. Kafin ya gama barci ya ɗauke ni a kan kujera.

Ranar Asabar da ta wuce na koma shagon da niyyar tambayar kuɗin wani kati. Abokina ya fita salla, ya bar yaron shagonsa, ɗan shekara sha uku. A ƙarƙashin tebur akwai wata kwamfuta da aka haɗa da ragowar kayan da masu su suka yasar: ba murfi, ma'ajiyar tana lilo a jikin waya, fanka ɗaure da kyauro. Yaron da abokinsa sun zauna a kan jarka suna buga tsohon PES, hannun bugawar ɗaya an ɗaure shi da roba. Hoton yana ɗan tsinkewa. Na leƙa, na ce masa, “Kai, wannan hoto nawa take bayarwa a daƙiƙa?”

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, “Yaya, uku da ɗaya ne. Ni ke da uku.”