Masu Neman Wahala da Guzurinsu

Daga cikin abubuwan al'ajabi na ƙasar Norway, inda teku ya kutsa tsakanin tsaunuka ya yi lunguna masu zurfi, ƙanƙara kuma ta daskare bisa duwatsu tun zamanin da ba wanda ya shaida, babu abin da ya kai sha'anin mutanen ban mamaki. Mutum baligi, mai cikakken hankali, ba mai bin sa bashi, sai ya goya jaka ya bi jajayen alamomin T da aka shafa jikin duwatsu, ya shafe sa'a goma ko fiye, zuwa da dawowa, domin kurum ya tsaya bisa Trolltunga, wani falalen dutse da ya zuro sarari kimanin mita 700 a saman tafki. In ya isa kuwa, ba waliyyi zai ziyarta ba, ba kasuwa ke ci ba. Layi zai tarar, ya bi sahu cikin ladabi, haƙora na kaɗawa, har a ɗauke shi hoto. Shi kuwa dutsen Preikestolen, mai tsawon mita 604, ko shinge ba a yi masa ba, wai an bar kowa da hankalinsa, alhali a ganina tun a gindin dutsen aka baro shi.