Zuwa ga Hajiya Kaska, Mazauniyar Kunnen Karena

Hajiya,

Bayan gaisuwa, wadda ba don gudun a ce ban da tarbiyya ba da na riƙe abata. Ba zan tambaye ki lafiya ba, domin na gan ki da idona a cikin kunnen Duna, kin yi ɓul-ɓul kina sheƙi, ƙafafunki sun yi miki kaɗan. Ba zan tambayi iyali ba kuma, su ma na gan su suna hawan bangon ɗakinsa a jere, babu mai ko tari a cikinsu.

Hausawa sun daɗe da yi miki kirari: kaska, raɓi mai jini. Har mutane ake jifa da sunanki, irin waɗanda ba sa sanin ƙofar gidan mutum sai ranar da aka ba shi muƙami. To amma su waɗancan ko ba komai suna duba mai ƙiba. Ke fa? Duna karen gadi ne, abincinsa ƙanzo da ragowar miya, sai ƙashi idan an yi sa'a. Jinin da ke jikinsa na aiki ne, da shi yake kwana yana zagaya katanga mu kuwa muna minshari. A cikin wannan ɗan abin kika ga rabonki.

Na bincika asalinki kafin in ɗauki alƙalami, don kada a ce na yi miki ƙazafi. Ashe ke ba dangin sauro ko ƙuma ba ce. Ƙafafunki takwas, zuriyarku ɗaya da gizo-gizo da kunama, kuma da na ji haka sai abubuwa da yawa suka warware mini. An ce ku kusan iri 900 ne a duniya. Galibin 'yan'uwanki suna daji, suna maƙale a bakin ciyawa da hannu a miƙe suna jiran saniya ko gada ta gifta, kuma can suna da masu yi musu hisabi, ga carki a gadon bayan sa, ga kaji da zabi suna tsince wadda ta faɗo. Ke ce kika ga zaman daji bai karɓe ki ba. Reshenku, jar kaskar kare, shi ne ya iya yin rayuwarsa kaf a cikin gini, daga ƙwai har ƙwai, ba tare da ya taɓa ganin ciyawa ba. Shi ya sa babu wata kaska da ta kai ku yaɗuwa a doron ƙasa. Duk inda kare ya je kun je, babu fasfo babu biza.

Sauro, duk da muguntarsa, yana da mutunci guda: yana sallama. Zai zo kunne ya yi kukansa, ya sha ya tashi, wani lokacin ya sha mari. Ke kuwa sai ki lallaɓo cikin gashi ki nemi inda fata ta fi laushi, cikin kunne, ko wuya, ko hammata, ko can tsakanin yatsun ƙafa inda babu mai leƙawa. Ki yanka fata, ki cusa bakinki mai ƙayoyin da suka juya baya, sannan ki zuba wani abu daga yawunki ya daskare ya liƙe ki a wurin. Yawun nan dai shi ne yake kashe zafin cizon, shi ne kuma yake hana jini daskarewa. Kin shigo ba ki fi ƙwayar riɗi ba, ki yi kamar mako guda kina zuƙa, ki sauka kin kai ƙwayar wake, kin koma ruwan toka. Maigidanki shi bai ƙiba, yana nan ɗan siriri yana yawo cikin gashin yana neman wata.

Da a nan kika tsaya da na ce sata ce kawai, a cire ki a huta. Abin da ya sa na zauna rubuta wasiƙa shi ne na gano cewa kunnen kare ba gidanki ba ne, wurin cin abincinki ne. Gidanki bangona. Idan kin ƙoshi sai ki saki, ki faɗo, ki ja ciki zuwa wata tsaga a filasta, ko ƙarƙashin buhun da Duna yake kwanciya, ko bayan labule, ko ki yi sama zuwa inda bango ya haɗu da rufi, domin ku masu son hawa ne. A can za ki zube ƙwai dubbai, har 4,000 ana samu daga uwa ɗaya, sannan ki mutu abinki. Na san wannan wasiƙa da wuya ta same ki a raye, don haka a karanta wa magada. Su za su ƙyanƙyashe da ƙafa shida, ƙanana har ido bai cika kama su ba, su hau kare su sha, su sauko su ɓuya su sake fata su fito da ƙafa takwas, su sake hawa, su sake sauka, su sake fata, sai a hawa na uku su zama irinki. Idan da zafi, cikin wata biyu an gama zagayen. Idan kuwa babu kare a kusa, sai ku yi lamo a cikin tsaga wata da watanni babu ci babu sha. Mutum ya kai karensa ƙauye, ya share gida, ya ɗauka an rabu, ranar da ya kawo ɗan kwikwiyo sai ya ga ashe jira kuke yi.

Wannan ne ya sa maigida zai wanke karensa tas ranar Asabar, kafin wata Asabar ɗin ya ga kunnen ya sake cika, sai ya ce maganin jabu ne. Wani lokacin jabun ne, ba na rantsuwa a kan kasuwa. Amma sau da yawa maganin ya yi aikinsa, waɗanda ke bango ne suka karɓi aiki.

Sai kuma tsarabar da kike kawowa. Kare mai kuzari ya wayi gari ya ƙi abinci, jikinsa zafi, a ɗaga leɓensa a ga dasashi ya yi fari fat maimakon ja, fitsarinsa ya yi duhu. Wannan aikin wata ƙwayar cuta ce da ake kira Babesiya, mai shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su, kusan yadda zazzaɓin cizon sauro yake yi wa mutum. An sa mata sunan Victor Babeș, wani masani ɗan Romaniya da ya gan ta a jinin shanu a 1888. A 1893 Theobald Smith da Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce take ɗaukar ta daga saniya zuwa saniya, kuma wannan ne karon farko da aka kama wani ƙwaro dumu-dumu da laifin yaɗa ƙwayar cuta irin wannan. Kin ga kun riga sauro shiga kundin masu laifin zazzaɓi, shi sai a 1897 Ronald Ross ya tona masa asiri. Akwai kuma Erlikiya, wadda aka fara ganowa a jikin karnuka a Aljeriya a 1935. Ita takan sa kare haɓo, ya rame, ya yi kamar ya warke alhali tana nan. A yaƙin Biyetnam ta kashe karnukan sojojin Amurka masu yawa, karnukan da aka kashe kuɗi aka horar. Abin da harsashi bai yi ba ke kika yi.

Gaskiya ɗaya ce, Hajiya, kina da mataimaka a cikinmu. Mu mutane ne masu ajiye kare don gadi ko farauta ko kiwo, amma ba ma son taɓa shi. Daga nesa ake jefa masa abinci, daga nesa ake kiransa, kunnensa kuwa sai ya shekara babu wanda ya ɗaga. A ganina wanda ya ɗaure dabba a gidansa tana yi masa aiki, haƙƙinta yana wuyansa, kuma safar hannu ba ta kai kuɗin katin waya ba. Ranar da abin ya yi yawa har aka ga kina hawa tabarma, sai a tashi da fushi, kuma fushin a kan kare yake ƙarewa. Wani ya shafe shi da baƙin mai na mota. Wani ya yi masa wanka da kalanzir. Wani ya ɗauko fiya-fiya ya tsiyaya masa a gadon baya, kafin la'asar kare yana dalalar da yawu yana karkarwa. Wani kuma ya sayo allurar sammore ta shanu ya auna da ido ya danna masa, alhali wannan allura ko likita sai ya auna nauyin kare yake ba da ita, don ƙari kaɗan yana taɓa ƙwaƙwalwa. Ke kina cikin tsaga kina kallo, an kashe miki mai masauki, ki jira na gaba.

To ga abin da zai same ki a gidan nan, ina faɗa miki tun da wuri don kada ki ce an yi miki kwanton ɓauna.

Ba zan ƙona ki da ashana ba, ba zan shafa miki man shafawa in jira ki gaji ba, ba kuma zan fizge ki da farce ba. Duk waɗannan ba su da amfani, ga shi in an matsa cikinki abin da ke ciki yana iya komawa jikin kare. Hantsaki mai siririn baki na tanada. Zan buɗe gashin, in kama ki daf da fata, a wuya ba a tumbi ba, in ja a miƙe a hankali, babu murɗawa, har ki saki. Daga nan sai kwalbar sifirit, a rufe. Ba zan fasa ki tsakanin farce biyu ba, duk da na san daɗin da ƙarar take yi wa masu yi, saboda jinin da ke cikinki ba abin taɓawa ba ne. In wanke wurin da sabulu, in wanke hannuna. Kuma zan riƙa duba Duna kullum da yamma, tunda gwargwadon daɗewarki a manne gwargwadon damar da cutar take samu ta ƙetara.

Maganin jikinsa kuwa daga asibitin dabbobi zai fito, a auna shi a kan sikeli. Akwai na wanka mai amitraz da ake tsarmawa daidai yadda aka rubuta, akwai na ɗigawa a ƙeya, akwai abin wuya mai magani, akwai ƙwayar da yake taunawa, wata ta riƙe wata guda, wata kamar Bravecto ta riƙe mako 12, ki ciza ki mutu. Tsada gare su, ba na musu. Kyanwar gidan ba za a taɓa ta da maganin kare ba, musamman mai fametirin, shi kam guba ne gare ta.

Sannan in juyo kan bango. Buhun kwanciyarsa wuta za ta ci. Tsummokara su sha tafasasshen ruwa su kwana biyu a rana. A share kowane lungu, a ƙone sharar, a fesa magani a ɗakinsa tun daga ƙasa har rufi bayan an fitar da shi da yara da kaji da kwanon abincinsa, a sake fesawa bayan mako biyu don waɗanda suke cikin ƙwai lokacin na farko, a ci gaba a haka har wata biyu ko uku. Magini zai zo da siminti ya toshe duk wata tsaga. Ku da kuka saba jira, wannan karon ku jira a ciki.

Na ji ana ba ki shaida cewa ba ki cika damuwa da jinin mutum ba, kare kika fi so. Shaidar tana da gaskiya, sai dai an lura idan zafi ya tsananta kikan rage zaɓe. A gabashin jihar Arizona ta Amurka, daga 2003, wani mugun zazzaɓi mai fitar da ƙuraje ya riƙa kashe mutane a garuruwan 'yan asalin ƙasar, da yawansu yara, kuma da aka bi sawu sai aka tarar da ke ce, ta hanyar karnukan da suke yawo sakaka a unguwa. Ba a shawo kansa ba sai da aka bi gida-gida ana sa wa karnuka abin wuya mai magani ana fesa tsakar gida. Don haka duk yaron da na cire ki a jikinsa, in ya yi zazzaɓi cikin mako biyu, asibiti za mu, kuma da bakina zan gaya wa likita kaska ce ta cije shi, don kada a tsaya kan maganin maleriya kaɗai.

Labarin Arizona ne ya tuna mini da maƙwabcina na bayan katanga, mai karnukan farauta uku. Na san kina da 'yan'uwa a can, kuma na san katanga ba ta taɓa hana ku ziyara ba. Na riga na yi masa magana bayan sallar magariba. Da farko ya ce karnukansa sun saba, daga baya da na ce zan biya kuɗin feshin farko sai ya ce to. Mai feshin zai fara ta gidansa ne da safe, ya ƙare a nawa, don haka kada ki wahalar da kanki da tunanin ƙaura.

Wassalam.

Wanda ba naki ba,
Mai Duna