Injin Da Ke Mayar Wa Mutum Canjinsa Da Kiɗa

Injin caca asalinsa birnin San Faransisko ne na Amurka, inda wani makanike mai suna Charles Fey ya ƙera shi a ƙarshen ƙarni na 19. A injin nasa, idan hoton ƙararrawa uku suka jeru, mai wasa ya ci santi 50, ya koma gida yana jin kansa attajiri.

Jikokin wannan inji hali biyu gare su. Akwai marowaci, wanda zai haɗiye kuɗin jama'a yini guda bai ce uffan ba, sannan ya amayar da tuli ga mutum ɗaya. Akwai kuma mai fara'a, wanda bini-bini yake sakin 'yan kwabbai, kamar mai cin bashin da ke biya kaɗan-kaɗan don a ƙara masa. Ana iya saita su duka biyun su riƙe kaso iri ɗaya na kuɗin da aka zuba (dokar jihar Nebada ta hana injin mayar da ƙasa da kashi 75 cikin ɗari), amma ɗan caca ba ya zuwa da alƙalami. Abin da yake ƙirgawa shi ne sau nawa injin ya yi masa murmushi.

Masanin halayya B. F. Skinner ya ga irin wannan tun a tantabaru. Tantabarar da ba ta san saran baki na nawa ne zai kawo tsaba ba, ita ce ba ta gajiya da sara. Sai dai ita tantabara ba ta biyan kuɗin shiga.

Injinan zamani masu layuka da yawa, waɗanda suka bunƙasa a Ostareliya, sun ƙara wa miyar gishiri. Mutum ya zuba dala ɗaya, injin ya mayar masa da santi 30, sai fitilu su kama walƙiya, kiɗa ya tashi kamar ana naɗin sarauta. An yashe shi santi 70, ga shi yana gyara zama. A 2010 masu bincike na Jami'ar Waterloo a Kanada sun auna gumin fatar masu wasa, suka tarar jiki yana karɓar wannan asara kamar yadda yake karɓar ci.

Natasha Dow Schüll, wadda ta fitar da littafi kan 'yan cacar Las Vegas a 2012, ta nuna cewa tsofaffin hannu ma ba cin suke nema ba, su dai a bar su a kan kujera. Wasunsu har haushi suke ji idan babban rabo ya faɗo, domin dole a tsayar da injin kafin ma'aikaci ya zo biya.