Ladubban Ziyartar Makiyayan Yak a Tsaunukan Himalaya

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin saman Lukla na ƙasar Nepal, ya kama hanyar Namche Bazaar mai tsayin mita 3,440, ba ya bukatar a tuna masa da rigar sanyi, domin iskar wurin za ta yi wannan aikin tun kafin ya ɗauki jakarsa. Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne dokar hanya. Yak, wato nau'in shanu mai dogon gashi da 'yan ƙabilar Sherpa ke kiwo, da kuma dzo, barbarar yanyawar yak da saniya, ba sa kauce wa kowa idan suna ɗauke da kaya, saboda haka da zarar an ji ƙararrawar wuyansu wajibi ne mutum ya manne da jikin dutse, kada ya tsaya ta gefen kwazazzabo. A kan gadojin ƙarfe masu lilo da suka ratsa kogin Dudh Koshi kuwa, wanda ya hango garke ya shigo ta ɗaya bakin, sai dai ya juya ya koma inda ya fito.

Abu na biyu, ba a faɗa wa mazaunin makiyaya sai an ɗaga murya daga nesa, kamar yadda ake yi a bakin ruga, har mai gida ya fito ya kama karensa.

Abu na uku shi ne shayi, kuma a nan ne haƙurin baƙo yake ƙarewa. Ana dafa ganyen shayi, a zuba gishiri da man yak, a kaɗa su cikin dogon bututun katako har su haɗe, sannan a miƙo wa mutumin da ciwon tudu ya riga ya hautsina masa ciki, wato jiri da ciwon kan da ƙarancin iskar shaƙa ke haddasawa. Makiyayin yana da gaskiyarsa, domin wannan maiƙo yake ɗumama jiki ya kuma hana leɓe tsagewa, kuma abin da ya miƙo ɗin daga mafi tsadar abin da ya mallaka ya fito. Wahalar tana cikin al'adar zubawa, domin duk kurɓin da baƙo ya yi, nan take za a sake cika masa kofi, ta yadda wanda ya rufe ido ya shanye don ya huta ya jawo wa kansa wani sabo, wanda ya ƙi taɓawa kuma ya ɓata wa mai karamci rai, alhali man yana daskarewa a saman kofin, hayaƙin busasshen kashin yak da ake girki da shi yana cika ɗaki, ido yana hawaye. Ana ba da shawarar a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a bar kofin a cike sai lokacin tashi, amma masu ba da ita ba sa faɗin cewa a lokacin ya riga ya huce, kuma shan sa da sanyi ya fi shan sa da zafi azaba nesa ba kusa ba.

Sai cukun da ake kira chhurpi, wanda ake busarwa har ya yi tauri. Ba a tauna shi, a kumatu ake ajiye shi na sa'o'i, kuma wanda ya gwada ƙarfin haƙorinsa a kansa zai tarar da likitan haƙori yana da nisa ƙwarai. Haka kuma, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Batun barci a wannan tsayi kuwa, inda mutum kan farka tsakar dare yana haki, a dai ƙara bargo.